FARFESA THOMAS ADEOYE LAMBO (1923–2004): LIKITAN DA YA MAI DA ƘAUYE ASIBITI

Gabatarwa

Mai yiwuwa mai karatu ya tambaya, me ya kawo tarihin likita, kuma Bayarabe, cikin mujallar ɗaliban Hausa? Dalilina shi ne, wahalar da marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya sha a aikinsa, rabinta ta magani ce, rabinta kuwa ta harshe ce. Likitan ƙashi yana da hoto, likitan zazzaɓi yana da gwajin jini, amma likitan ƙwaƙwalwa babu abin awo a hannunsa da ya wuce magana. Tambaya yake yi, a ba shi amsa, kuma a kan wannan amsa zai ɗora hukunci. To, idan da Turanci aka tsara tambayar, majinyacin kuma ba ya jin Turanci, ashe aikin ya shigo gonarmu. Wannan ɗan rubutu zai bi rayuwar mutumin, tare da tsayawa a wuraren da bincikensa ya yi karo da irin matsalolin da har yau suke addabar masu nazarin taɓin hankali a ƙasashe marasa ƙarfi.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Lambo a garin Abeokuta ranar 29 ga watan Maris na shekarar 1923. Ya yi sakandare a makarantar maza ta mishan ɗin Baptist da ke garin, sa'annan ya tafi Ingila, inda ya karanta aikin likita a Jami'ar Bamingam, ya kammala a 1948. A can ne ya auri matarsa Baturiya, Dinah, suka haifi 'ya'ya maza uku. Da ya dawo gida ya shiga aikin gwamnati, kuma cikin wuraren da ya yi aiki har da gidan mahaukata na Yaba a Ikko.

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan, domin sai an san yadda waɗannan gidaje suke kafin a gane abin da ya yi daga baya. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan Yaba a 1907, bayan wani da suka buɗe a Kalaba, kuma suka yi dokar mahaukata a 1916. Manufar dokar da gidajen ita ce tsare wanda ake tsoro, a kawar da shi daga kan hanya. Magani kusan babu. A wurare da dama, har da nan Arewa, wani ɓangare na gidan yari ake warewa a zuba su. A gidajen jama'a kuwa, wanda ya gagara sai turu ko mari. Saboda haka mutumin da kawai ya rasa barci, ko ya daina cin abinci, ko ya shiga yawan tunani, ba ya cikin lissafin kowa.

A 1952 Lambo ya koma Ingila, ya ƙware a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Ya dawo a 1954 a matsayin ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan ƙwarewa, aka ɗora shi a kan sabon asibitin da ake ginawa a Aro, a gefen garinsu.

Tsarin Ƙauyen Aro

Lokacin da ya iso, ginin bai kammala ba, ma'aikata kaɗan ne, jama'a kuma ba su yarda da wurin ba, don a saninsu wanda ya shiga irin wannan gida ba ya fitowa. Maimakon ya zauna jiran gini, sai ya nufi dagatai da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya nemi su riƙa saukar da marasa lafiya a gidajensu. A watan Oktoba na 1954 aka fara. Sharaɗin shi ne, kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwansa aƙalla guda, uwa ko 'yar'uwa ko wani na jiki, wanda zai yi masa girki da wanki, ya biya kuɗin haya, ya raka shi asibiti da safe, ya dawo da shi da yamma. A asibitin ana ba da magungunan da suka fito a wancan zamani, irin su Largactil, ana kuma yin jinya da wutar lantarki ga waɗanda suke bukata. Akwai ma'aikatan jinya a cikin ƙauyukan dare da rana. Su kuma mutanen ƙauye, ban da kuɗin haya, sun sami ruwan famfo, da masai, da feshin sauro, da rancen ƙara ɗakuna. A lokacin da tsarin ya bunƙasa, ƙauyukan kan ɗauki marasa lafiya tsakanin 200 zuwa 300.

Abin da ya fi jawo surutu shi ne ɗaukar masu maganin gargajiya da ya yi, suka riƙa aiki tare da shi. Ga likitan da ya fito daga Maudsley, wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin abokan aikinsa suna iya cewa ya zubar da mutuncin sana'a. Hujjarsa kuwa mai sauƙi ce. Kusan duk wanda ya zo Aro ya riga ya bi ta hannun boka, kuma idan ya koma gida wajensa zai sake zuwa. Majinyacin da ya yi imani sammu aka yi masa, ƙwaya za ta iya kwantar da shi, amma zuciyarsa ba za ta natsu ba sai wanda ya san wannan yare ya yi masa magana. Duk wanda ya tashi a unguwanninmu na Lafiya ya san wannan tafiya: a fara da ruƙiyya ko rubutun sha ko addu'ar coci, a je wajen mai magani, asibiti ya zo a ƙarshe bayan an sayar da akuya da doya. Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. A Sudan, Dokta Tijjani al-Mahi yana aiki tare da shaihunai tun kafin wannan lokaci, kuma a garin Geel na ƙasar Beljiyam an daɗe ƙwarai ana saukar da masu taɓin hankali a gidajen jama'a.

Sai dai akwai tambayar da ya wajaba ɗalibi ya yi. Lambo da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa waɗanda aka yi wa jinya a ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, kuma kuɗin da aka kashe bai kai na kwanciya a asibiti ba. Na yarda da gaskiyarsu, amma wa aka gwada da wa? Majinyacin da ya sami ɗan'uwan da zai bar gonarsa da kasuwarsa na tsawon watanni ya zauna da shi, tun asali ya fi wanda danginsa suka yar da shi gata. Idan ya warke da wuri, ƙauyen ne ya warkar da shi, ko gatan da ya zo da shi daga gida? Hanyar raba wannan gardama ita ce a kasa marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a bi kowane kashi na tsawon lokaci. Wannan kuwa yana cin kuɗi da ma'aikata, kuma likita guda da ɗaruruwan mutane ke jira a ƙofarsa ba shi da wannan sukuni. A ganina wannan ita ce matsala ta farko ta bincike a ƙasa mai ƙarancin likitoci: wanda zai yi binciken shi ne kuma wanda zai duba layi.

Gardamarsa da Masanan Mulkin Mallaka

A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi na Dokta J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin Mathari a Nairobi, kan tunanin mutumin Afirka. A rubuce-rubucensa Carothers ya kai ga kwatanta lafiyayyen ɗan Afirka da Baturen da aka yi wa tiyata a gaban ƙwaƙwalwa. Haka kuma ra'ayi ya yaɗu a tsakanin likitocin wancan zamani cewa ciwon damuwa mai tsanani bai cika kama baƙar fata ba. Lambo ya mayar da martani a wata maƙala da ya buga a 1955 kan rawar da al'ada ke takawa a wani nau'in taɓin hankali a tsakanin Yarabawa, inda ya nuna cewa an gina waɗannan maganganu ne a kan ƙabilanci da ƙarancin hujja.

Kuskuren su Carothers na hanyar bincike ne tun kafin ya zama na son zuciya. Mutanen da suka gani su ne waɗanda 'yan doka suka kamo, wato masu duka da ƙone-ƙone da yawo tsirara. Matar da ta shige ɗaki ta yi shiru wata uku, babu wanda zai kai ta gidan mahaukata. Da suka ƙirga waɗanda ke tsare ba su ga irinta ba, sai suka ce babu ita a Afirka baki ɗaya. Wannan tarko yana nan har gobe. Duk wanda ya ɗauki rajistar asibiti ya ce ya san yawan masu ciwo a jiha, abin da ya ƙirga shi ne masu kuɗin mota.

A watan Nuwamba na 1961 Lambo ya tara likitocin ƙwaƙwalwa daga sassan Afirka da Turai da Amurka a Abeokuta, a taro na farko irinsa a wannan nahiya.

Binciken Cornell da Aro, da Matsalar Kalma

Idan rajistar asibiti ba ta isa ba, dole a shiga gari gida-gida. Abin da aka yi ke nan a 1961, lokacin da Lambo ya haɗa hannu da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, tare da Dorothea Leighton da Jane Murphy da Charles Hughes da David Macklin. Leighton ya riga ya yi irin wannan aiki a wani yanki na Nova Scotia a Kanada, don haka aka so a gwada sakamakon wuraren biyu. Sun yi hira da mutane sama da 300 a ƙauyukan Egba da cikin garin Abeokuta, suka kuma tattauna da masu maganin gargajiya don jin yadda su suke rarraba cututtuka. Littafin ya fito a 1963. Babban abin da ya nuna shi ne, yawancin alamomin da ake gani a Kanada ana ganin su a ƙasar Yarabawa, kuma kamannin sun fi bambance-bambancen yawa.

A nan ne harshe ya nuna ƙarfinsa. Masu binciken sun tarar Yarabanci yana da kalmar da ta yi daidai da hauka tuburan, har Jane Murphy ta yi amfani da wannan a wata maƙala ta 1976 don nuna cewa al'ummomin da ba su taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba su ma sun san hauka, sun kuma ba shi suna. Amma ciwon damuwa, a yadda likitocin Turai suka dunƙule shi wuri guda, ba su sami kalma ɗaya da ta ɗauke shi ba. Alamominsa suna nan a warwatse: rashin barci, mutuwar jiki, rashin sha'awar komai, jin zafi ko motsi a cikin kai. Mutane sun san kowanne, amma ba su ɗaure su a dami guda ba.

Mu gwada da Hausa. Yau gidajen rediyo suna cewa ciwon damuwa, amma damuwa a bakin talaka ta haɗa da bashi da kuɗin makaranta da rigimar kishiya. Ka tambayi magidanci ko yana da damuwa, zai ce wa ya rasa ta, ko kuma ya ce alhamdu lillahi ya rufe zancen, domin kai ƙara wajen baƙo kamar rashin godiya ne. Ka ce baƙin ciki, wani zai ɗauka hassada kake nufi, tunda ɗan baƙin ciki sunan mahassadi ne. Ka ce ciwon zuciya, likita zai kawo abin awon bugun jini, alhali tsohuwar da ta faɗa tana nufin abin da ɗanta ya yi mata. Taɓin hankali kuma, duk da cewa an ƙirƙire shi don sassauta kalmar hauka, babu uban da zai amsa wa mai riƙe da takarda cewa akwai shi a gidansa, musamman idan yana da 'yan mata da ba su yi aure ba. Ga kuma farfaɗiya, wadda likita ke ware ta daban, jama'a kuwa sukan haɗa ta da iskoki. Sannan akwai tambayar ko mutum yana jin muryoyin da wasu ba sa ji. A gidan da aka yarda da aljanu, ko a wajen 'yan bori, amsar i ba lallai ta zama alamar ciwo ba, kuma mai tambayar da bai san wannan ba zai cika takardarsa da mahaukatan da ba su wanzu ba.

Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, harshen gidanmu kuwa Eggon ne, ina ganin wani hawa na matsalar da ɗan Kano ba lallai ya lura da shi ba. A jiharmu ta Nasarawa, tambayar da aka rubuta da Turanci a Landan za a fassara ta zuwa Hausa, sannan a ƙauye wani yaro ya sake juya ta zuwa Eggon ko Alago ko Mada ko Migili ko Gwandara don kakarsa ta gane, amsar kuma ta biyo wannan hanya ta koma. Masana suna da dabarar da suke bi, wato wani ya fassara, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar Turanci, a gwada biyun. Dabara ce mai kyau, amma iyakarta ta nuna kalmomi sun dace. Ba za ta nuna ko suruka za ta iya amsa tambayar a gaban surukinta ba. Ko shekarun haihuwa ma aiki ne, domin dattijon da ba shi da takarda sai an bi da shi ta zamanin wani sarki ko shekarar wata yunwa.

Ibadan da Janeba

A 1963 Lambo ya koma Jami'ar Ibadan a matsayin farfesa, Dokta Tolani Asuni ya ci gaba da riƙe Aro. Ya zama shugaban tsangayar likitanci a 1966, sannan shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971, wato ya karɓi ragama ana tsakiyar yaƙin basasa.

A wannan tsakani ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara wani babban bincike kan cutar sikizofiriniya, wadda ke sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi. An zaɓi cibiyoyi 9 a duniya, ciki har da Landan da Mosko da Washinton da Agra ta Indiya, kuma Ibadan ce kaɗai daga Afirka. An duba marasa lafiya 1,202 da ma'auni iri ɗaya. Da aka sake bibiyarsu bayan shekara 2, sai sakamako ya ba kowa mamaki: na Ibadan da Agra sun fi na biranen masu arziki samun sauƙi. Mutane da yawa suka ce ga shaida, zumunci da dangi sun fi gadon asibiti, kuma wannan ya yi daidai da abin da Lambo ya gina Aro a kansa. An shafe shekaru ana maimaita wannan magana a littattafai.

A 2008 wasu masana huɗu, cikinsu har da Farfesa Oye Gureje na Ibadan, suka sake duba hujjojin, suka ce a yi hattara. Cikin abubuwan da suka nuna akwai waɗanda ba a sake ganowa ba lokacin bibiya, da waɗanda suka mutu. A garin da gidaje ba su da lamba, ba waya, mutum kuma yana iya komawa ƙauyensu ba sallama, wanda aka samu a gida bayan shekara biyu galibi shi ne wanda danginsa suka riƙe. Wanda ya shiga duniya ko ya rasu a hannun mai magani ba ya cikin lissafi. Wannan bai rushe aikin farko ba, amma ya rage masa kaifi, kuma abin ya burge ni da gyaran ya fito daga jami'ar da Lambo ya shugabanta.

A 1971 ya koma hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba, kuma daga 1973 zuwa 1988 shi ne mataimakin babban darakta, a zamanin Dokta Halfdan Mahler. A cikin waɗannan shekaru aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya a kan ƙananan asibitocin da ke kusa da jama'a, hukumar kuma ta fara ba maganin gargajiya muhimmanci. A 1979, da Nijeriya ta fara ba da lambar yabo ta ƙasa ga masana, yana cikin rukunin farko tare da Chinua Achebe da Teslim Elias da kuma namu, Alhaji Abubakar Imam.

Rasuwarsa da Abin da ya Biyo Baya

Farfesa Lambo ya rasu ranar 13 ga watan Maris na 2004, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 81. Asibitin Aro yana nan a hannun gwamnatin tarayya, amma tsarin ƙauyen ya ja baya yayin da garin Abeokuta ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan. Bai kuma yaɗu a ƙasar yadda aka yi fata ba. A 1991 gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci a takarda, amma manyan cibiyoyin da ɗan Arewa ya sani su ne irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma likitocin wannan fanni a duk ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200.

Binciken gida-gida da Gureje ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya yi hira da mutane 4,984 a jihohin Yarabawa, ya gano cewa cikin masu ciwo mai tsanani kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai suka sami wata jinya a shekarar da ta gabaci hirar. A 2019 kuma 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, daga wasu gidajen horo a Kaduna da Daura, abin da ya tuna wa kowa inda iyalai ke kai nasu idan sun rasa mafita.

Gwajin da Lambo bai sami sukunin yi ba, an yi shi daga baya. A 2020 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani aiki da aka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda aka kasa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A kashi ɗaya ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa suna aiki tare da su, a ɗayan kuwa aka bar su kusan yadda suka saba. An bi marasa lafiya kimanin 300, kuma bayan wata 6 waɗanda aka yi wa jinyar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Tsakanin buɗe ƙauyen Aro da wannan sakamako shekara 66 ne.

Ita kuwa dokar mahaukata ta 1916, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958, ta yi aiki tsawon rayuwar Lambo baki ɗaya. Sai a watan Janairu na 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta, kusan shekara 19 bayan rasuwarsa.